Hannun Zuwaira a Kasuwar Raket

Daren jiya wani mafarki ya same ni, kuma har yanzu da nake ba da labarinsa ban gama gane kansa ba.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai. Sunana Sadisu, kafinta ne ni, shagona yana Kakuri a Kaduna. Ina da 'ya, Zuwaira, shekararta goma sha ɗaya. Bara makarantarsu ta kai su wani fili inda ake wasan fadel. Wasan ɗan'uwan tanis ne: mutum biyu nan, biyu can, a cikin wani ɗaki mai bangon gilashi wanda ba shi da rufi, ana dukan ƙwallo da raket mai kauri, ba zare a jikinsa sai huji-huji kamar rariya. Tun daga ranar yarinyar nan ba ta da wata hira sai fadel. Da raket ɗin aro take wasa, na wani babban mutum, har Koci Bitrus, wanda yake koyar da su, ya tare ni ya ce lokaci ya yi da za ta riƙe nata, tunda ranar Asabar za a zaɓi yaran da za su je gasa Abuja. Sau biyu ina zuwa shagon kayan wasanni, sau biyu ina dawowa hannu rabbana, don kowanne na ɗaga sai in ga kamar na kusa da shi ya fi shi. Da wannan na kwanta.

Sai na tsinci kaina a tsakar gidanmu da hantsi. Komai yana nan yadda na san shi, sai dai ƙofar gida tana shimfiɗe a ƙasa kamar murfin rijiya, rijiyar kuma tana tsaye a jikin bango. Matata Rakiya ta fito daga kicin da wani abu naɗe a cikin zani.

"Abban Zuwaira, ungo. Ka tafi da shi a gwada."

Na buɗe zanin. Hannun Zuwaira ne na dama, tun daga kafaɗa har yatsu. Babu jini, babu ciwo, an dai cire shi ne yadda ake cire hannun riga a kai wa tela. Har da tabon tawada a yatsan da take riƙe biro.

"Ita tana ina?"

"Tana ɗaki tana aikin makaranta. Kada ka daɗe, anjima za ta ci abinci."

Na ga maganarta a kan hanya take. Na rungume hannun da ɗuminsa, sai yatsun suka lalubo babban yatsana suka riƙe, irin riƙon da take yi mini tana jaririya. Na ɗaga ƙofar gida na sauka.

Keke Napep na shiga. Direban Koci Bitrus ne, da usur ɗinsa a wuya. Keken ba gaba yake tafiya ba, gefe yake yi kamar ƙaguwa, kuma duk motocin titin haka suke yi, don haka babu mai kallon wani. Da muka zo gada na ga kogin Kaduna yana wucewa ta samanta, mu kuma muka bi ta ƙarƙashi a bushe, kifaye suna leƙo mu.

"Malam Sadisu, abu uku za ka riƙe," in ji Koci, bai waiwayo ba. "Na ɗaya nauyi. Na biyu siffa."

Na jira. Ya ci gaba da tuƙinsa.

"Na ukun fa, Koci?"

"Ai mun wuce shi. Yana can baya, wajen gada."

"To mu koma mana."

"Keken nan ba ya komawa. Gefe kawai yake da shi."

Ya sauke ni a gaban wani dogon bene da aka rubuta wa Ofishin Awon Hannuwa. Layi na tarar, iyaye maza da mata, kowa da ƙunshinsa a hammata. Wanda yake gabana ƙafa ce a tasa jakar, aka ce masa ya yi ɓatan kai, ofishin 'yan ƙwallon ƙafa yana ranar Talata.

Ma'aikatan duk awaki ne. Wadda layi ya kai ni gabanta jar akuya ce mai tabarau, ta ɗora ƙafafunta na gaba a kan tebur. Na ƙwanƙwasa teburin a ɓoye, na ji katakon maɗaci ne mai kyau, hankalina ya ɗan kwanta da ofishin.

"Hannun wa?" in ji ta.

"Na 'yata, ranki ya daɗe."

"Shekararsa nawa?"

"Sha ɗaya."

"Ita yarinyar fa?"

"Ita ma sha ɗaya."

"Madalla, sa'anni ne. Jiya wani ya kawo mana hannu ɗan shekara tara, ya rantse ashirin yake."

Ta jawo sikeli irin na mahauta, ta kwantar da hannun a gefe ɗaya. A ɗaya gefen ta sa lemo guda, hannun bai ko motsa ba. Ta ƙara na biyu, ya ɗaga yatsa ɗaya kamar mai son amsa tambaya a aji. Ta ɗauko na uku, kafin ta ajiye shi hannun ya dunƙule.

"Lemo biyu," ta ce. "Abin da zai iya kaɗawa ke nan yini guda bai yi kuka ba. Kada ka ba shi kabewa."

"Amma ai girma za ta yi," na ce. "Ko takalmi zan saya mata, sai na ƙara lamba biyu."

Ta cire tabarau ta dube ni da idon nan na awaki mai ƙwayar kwance.

"Takalmi ana cusa masa tsumma a gaba. A raket ina za ka cusa tsumman?"

Ta turo mini takarda mai tambaya ɗaya tak: Mai hannun nan ta fi son ƙwallo ya je inda ta aike shi, ko ta fi son a ji ƙararsa daga waje? Na juya takardar, bayanta ma tambayar ce.

"Ban sani ba," na ce.

"Ka taɓa ganin wasanta?"

"Kullum ni nake kai ta har bakin ƙofa."

"Ƙofar ta iya wasa?"

"A'a."

"To rubuta haka."

Na rubuta cewa ƙofa ba ta iya wasa ba, na sa hannu. Ta karɓi takardar ta karanta a tsanake, ta cinye ta, ta ce an amince. Ta ce kasuwar raket tana ƙasa, in hau tsani in sauka.

Na hau tsanin, kuma da gaske duk takin da na hau sai in ga na ƙara yin ƙasa. Ina isa ruwa ya tsuge, sai dai daga ƙasa yake fitowa yana tafiya sama, ya shiga ta ƙafar wando ya fita ta wuyan riga. Mutane suka buɗe laima suka ajiye a ƙasa suka shiga ciki suka tsaya. Ni ba ni da laima. Na ɗora ƙunshin a kaina, tunda nan ne wurin da ruwan yake isa a ƙarshe. Wata mata ta wuce ni tana cewa bana sama za ta yi albarka.

Kasuwar irin ta kaji ce. Raket-raket ne a cikin akurki, jere-jere, suna motsi, wasu suna leƙe ta hujinsu. Mai rumfar farko Malam Ɗanladi ne, maigidana wanda ya koya mini kafinta. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, amma fensirinsa yana nan a bayan kunne, don haka ban ga abin tambaya ba. Na durƙusa na gaishe shi.

"Sadisu, har yanzu kana barin zarto a ƙasa?"

"Na daina, Maigida."

"Jiya ka daina. Me kake nema?"

Na nuna masa hannun. Ya gyaɗa kai, ya buɗe akurkin farko. Wani raket mai zagayayyar fuska kamar faifai ya fito a hankali, ya zo ya kwanta a kan ƙafata.

"Wannan mai haƙuri ne," in ji Maigida. "Nauyinsa yana kusa da mariƙi, cibiyarsa kuma faɗi gare ta."

"Raket yana da cibiya?"

"Kowanne yana da ita. Wurin da in ƙwallo ya sauka, hannu ba ya jin komai sai daɗi." Ya shafa tsakiyar fuskar, raket ɗin ya lumshe hujinsa. "Wannan ko yaro ya ɗan kuskure, yafe masa yake yi."

Na biyu siffar fiya gare shi, ƙasa siriri, sama da ɗan faɗi. Bai kwanta ba, bai kuma gudu ba, ya tsaya yana kallonmu a kaikaice.

"Wannan ɗan tsakiya ne. Da safe yana yafiya, da yamma yana riƙe mutum a zuciya."

Na ukun ba a akurki yake ba. A kejin ƙarfe yake, ɗaure da sarƙa, baƙi mai ratsin ja, kafaɗunsa a sama kamar na ɗan dambe, yana huci.

"Wannan duk nauyinsa a ka yake. Cibiyarsa ba ta fi kwabo ba, kuma a goshi take. Amma in aka dace da ita, har Zariya za a ji ƙarar."

Na sa hannu na ɗaga shi. Nauyi, sanyi, ga tauri. Nan take zuciyata ta kwanta da shi. Ni mutum ne da ban yarda da abu mara nauyi ba. Kujerar da yaro zai ɗaga da hannu ɗaya ba ta kai shekara, wannan na sani tun ina ɗan koyo. Na tuna an ce mini lemo biyu, sai na ce a raina ai akuya ce ta faɗa.

"Ɗauki wannan," in ji Maigida. "Ta girma a cikinsa. Har jikokinka sai sun gada."

Na kwance zanin na kai wa hannun mariƙin. Yatsun suka taɓa shi, suka ja baya. Sai suka juyo suka shafa fuskata a hankali, daga goshi zuwa baki, suna duba ko murmushi nake. Murmushi nake. Nan take suka koma suka damƙe raket ɗin.

Sai ga mu a cikin ɗakin gilashi. A ɗaya gefen ragar jar akuyar nan ce ta ofis, ta sa farin gajeren wando, tare da wani bunsuru da ban sani ba. A nawa gefen ni kaɗai ne, na riƙe hannun ta kafaɗa, shi kuma ya riƙe raket. Alƙalin wasa wani agogon bango ne da aka zaunar a kan kujera. Koci Bitrus yana waje, ya manna fuska da gilashi yana ta magana, amma ba abin da yake isowa.

Akuya ta bugo ƙwallo daga ƙasa-ƙasa. Ya wuce ni, ya bugi gilashin baya, ya dawo ta bayana kamar ya manta wani abu. Na tsaya ina kallo. Daga baya na tuna Zuwaira ta sha faɗa mini haka wasan yake, ana iya jiran ƙwallo ya dawo daga bango a sake buga shi, ni kuma ina jinta da rabin kunne.

"Laraba da babu," in ji agogo.

Na biyu ya zo. Hannun ya ga ƙwallon tun kafin ni in gan shi, na ji ya zabura, amma kan raket ɗin ya yi masa nauyi, ya iso a makare. Ƙwallon ya bugi gefe. Girgizar ta bi ta wuyan hannun, ta gwiwar hannun, ta shigo ƙirjina. Na uku ma haka, na huɗu ma haka. A na biyar aka dace da cibiyar. Ƙarar ta tashi kamar an saki ƙofar ƙarfe, ƙwallon ya yi sama bai dawo ba. Malam Ɗanladi ya tafa daga rumfarsa. Na ji kaina ya yi girma, na waiwaya in ga ko akwai wanda na sani a cikin 'yan kallo.

Da na dawo da idona na ga hannun ya yi tsawo. Ya miƙe kamar danƙo, kan raket ɗin har yana jan ƙasa, wuyan hannun kuma ya kumbura kamar albasa. Sai na ji wata 'yar ƙara daga cikinsa, ƙas, ƙarama ƙwarai. Na san ƙarar nan. Ita siririn katako yake yi idan aka kafa masa ƙusa inci shida, daf da zai tsage.

"Saki," na ce.

Bai saki ba.

"Zuwaira, saki na ce."

Ya ƙara damƙewa, har yatsun suka yi fari, ya sake ɗaga raket ɗin yana rawa yana jiran ƙwallo na shida. A daidai nan muryar Koci ta iso, wadda ya aiko tun farkon wasa, a gajiye kamar tsohuwar wasiƙa: "Malam Sadisu, kada ka ba ta wannan!"

Na rasa yadda zan yi. Na ja, na lallaɓa, na yi tsawa, duk a banza. A ƙarshe na durƙusa na kai kumatuna na jingina da bayan hannun. Ya ɗan tsaya. Ya ji babu murmushi a wurin, ya ji danshi. Sai yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Raket ɗin ya faɗi ya nutse a ƙasa har wuya.

"Alhamis da babu," in ji agogo. "Awaki sun ci."

Na koma rumfar, hannun a kafaɗata yana reto.

"Maigida, ranar da na fara zuwa shagonka wace guduma ka ba ni?"

"Ƙaramar nan mai mariƙin gwaiba."

"Me ya sa ba ka ba ni babbar in girma a cikinta ba?"

"Da ka farfasa yatsunka ka gudu, ban sake ganinka ba."

"To me ya sa yanzu ka ce in ɗauki wancan?"

Ya cire fensirin ya sosa kunne da shi. "A lokacin kafinta ne ni. Yanzu mai sayarwa ne."

Na bar shi na kutsa cikin kasuwa, na ce yau sai na nemo wanda ya fi kowanne rashin nauyi. Na same shi a can ƙarshe, ɗan mitsitsi kamar mafici, an zana masa kifi mai dariya, irin na yara 'yan shekara huɗu. Na sa wa hannun. Ya riƙe shi da yatsa biyu, ya juya shi gaba da baya, ya yi wurgi da shi. Ruwan da yake tafiya sama ya ɗauke shi ya wuce da shi. Hannun ya kife tafinsa, ya ƙi ko taɓa ni.

Akuya ta zo wucewa tana goge zufa da tawul.

"Lemo biyu na ce, ba ɓawon lemo ba."

"Ranki ya daɗe, babba ya ji masa ciwo, ƙarami ya ɓata masa rai. Ni yanzu ina zan sa kaina?"

Kafin ta amsa, duk raket-raket ɗin kasuwar suka fara magana ta hujinsu, kowane huji da muryarsa. Wani ya ce cikinsa laushi ne, yana shanye girgiza. Wani ya ce fuskarsa kaushi ce, yana murza ƙwallo. Wani ya ce mariƙinsa siriri ne, daidai ƙaramin tafi. Wani ya ce shi zakarun duniya suke riƙewa. Wani daga ƙasan akurki yana ta cewa shi shuɗi ne, shi shuɗi ne, ba shi da wata hujja sai wannan. Na toshe kunne ɗaya, maganar ta taru a ɗayan.

"Don Allah ki zaɓar mini," na ce wa akuyar. "Ke kika auna. Wanne zai so?"

"Mu hannu muke aunawa. So ofishinsa daban, kuma ba su da reshe a nan."

Sai wani ya yi ihu daga bakin kasuwa: "Ga Asabar nan!"

Na waiwaya. Wata doguwar mata ce take tahowa daga nesa, da tire a kanta, ba ta sauri ba ta tsayawa. Duk rumfar da ta wuce sai a rufe ta.

"Juma'a fa?" na tambayi akuya. "Ai ba a yi Juma'a ba."

"An ɗage ta."

Ban tsaya tunani ba. Na bi akurki ina ɗagawa ina ajiyewa, duk wanda na ji ya kai lemo biyu bai wuce ba sai in ware shi. Na sami uku: zagayayyu biyu, da mai siffar fiya ɗaya. Na cusa su a cikin riga, na rungumi hannun, na zura da gudu. Gefe kawai ƙafafuna suka yarda su yi, na bi su.

Na faɗo tsakar gida ta cikin rijiya, a bushe. Zuwaira tana zaune a kan tabarma tana rubutu da hagu, layukan duk sun karkace suna gangarawa ƙasan takarda. Ga kwanon abincinta a gefe a rufe, ba ta taɓa ba.

"Abba, sannu da zuwa. Ka daɗe."

Na kasa haɗa ido da ita. Na miƙa mata hannun. Ta karɓa ta zura shi yadda ake zura hannun riga, ta girgiza kafaɗa, tsawon ya koma daidai. Kumburin wuyan hannun ne bai koma ba.

"Ni na jawo miki wannan," na ce.

Ta duba wurin. "A'a, Abba, wannan tsoho ne. Tun kafin azumi yake yi. Raket ɗin aron ne."

"Tun kafin azumi? Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Za ka ce in daina zuwa."

Ta faɗe shi ne kamar mai faɗin ƙarfe nawa, ba fushi ba ƙorafi. Na buɗe baki in ce ba haka ba ne. Amma a ƙasar mafarkin nan idan mutum zai faɗi abin da bai tabbatar ba, tari ne yake fitowa. Na yi tari sau uku. Ta tashi ta kawo mini ruwa.

Na fito da raket ukun na jera su a kan tabarma. Ta tsuguna ta daɗe tana kallonsu. Ta ɗauki na farko, ta zura wuyan hannunta a igiyar da take gindin mariƙin, ta miƙe. Bangon gidanmu ya zama gilashi, har ina hango maƙwabta suna shanya. Ta ciro ƙwallo daga cikin kwanon abincin ta fara wasa da bango.

Ban taɓa ganinta haka ba. Yarinyar da in an aike ta ɗauko buta sai ta yi tuntuɓe da ita, ga ta nan ƙafafunta kamar ba sa taɓa ƙasa. Ba ta duka da ƙarfi. Jira take ƙwallon ya wuce ta ya dawo, sai ta ɗan karkace ta tura shi inda ta ga dama. Ta ce, "Turmi," ya faɗa bakin turmi. Ta ce, "Bayan buta," ya je ya kwanta a bayan buta. Ta ce, "Hularka, Abba," na ji ya sauka a kaina a hankali kamar tantabara. Ta ajiye na farko ta ɗauki na biyu, ta ajiye na biyu ta ɗauki na uku, kowanne tana karkata kai tana sauraron abin da yake gaya wa hannunta. Na ji kamar in kira duk mutanen Kakuri su zo su gani. Na kuma ji kunya, don su ma za su iya tambayata ina nake duk shekarar nan.

Aka yi sallama daga waje, murya doguwa.

"Asabar ce," in ji Rakiya daga kicin. Ta ɗaga murya: "A ɗan jira, maigidan yana magana da 'yarsa!"

Na gyara zama a kan tabarma. Bakina ya yi nauyi, kamar ban taɓa haɗa kalmomin nan a jere ba.

"Zuwaira, wanne kike so?"

Ta tsaya cak. Ƙwallon ma ya tsaya a iska yana jira.

"Ni?"

"Ke."

Ta dubi ukun, ta dube ni, ta sake dubansu. Murmushi ya fara daga gefen bakinta. Ta ja numfashi, ta buɗe baki za ta faɗa, sai abin da ya fito ya zama gurrrrrr, mai ƙarfi, mai tsawo, har gilashin yana rawa. Na matsa kusa na ce ban ji ba. Ta sake buɗe baki, gurrrrrr.

Na buɗe ido. Injin markaɗen Iya Tabawa ne, maƙwabciyarmu, ta tayar da shi tun da sassafe, yara sun fara kawo waken ƙosai. Haske ya shigo ta taga. Na daɗe a kwance ina kallon silin.

Na ƙwala wa Zuwaira kira. Ta leƙo bakin ƙofa, buroshi a baki, kumfa a haɓa.

"In an tashi daga makaranta ki jira ni," na ce. "Tare za mu je shagon kayan wasannin nan."

Ta cire buroshin ta faɗi wani abu, injin ya haɗiye shi. Na tashi zaune, na ce ta matso kusa ta sake faɗa.